Ziyara A Fadan Kagoma: Iska Kyauta Ce, Sai Ran Da Huhu Ya Gaza

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina rubuta labarun asibitoci daga kan teburina a ofishin jarida, ina karɓar takardun sanarwa daga ma'aikatu ina juya su zuwa Hausa, har na ɗauka na san halin da masu jinya suke ciki a karkara. Sai cikin hunturun da ya wuce aiki ya kai ni Fadan Kagoma, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, na dawo da sanin cewa da sauran karatu a gabana. Abin da ya kai ni dabam ne, watau labarin manoman citta. Amma abin da na dawo da shi a zuci, labarin iskar numfashi ne, wadda likitoci ke kira oksijin.

HANYAR KUDU

Mun bar Kaduna da sassafe, hazo ya rufe gari har direba sai da ya kunna fitila. Muka wuce Kujama da Kasuwan Magani, muka sha shayi a Kachia, sa'an nan muka miƙa ta Zonkwa. Duk wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ko Katsina, in ya biyo wannan hanya zai ga ƙasa tana sake kama a gabansa sannu a hankali. Itatuwa suna ƙara tsawo da duhuwa, ƙasa tana yin ja, giginya da kwakwar manja suna leƙowa daga bakin rafuka. Da muka doshi Kagoro sai ga duwatsun nan nata sun tokare sama, hazo ya yi musu rawani.

Kafanchan kuwa gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun cikin shekarar 1927 ya zama mahaɗar dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos. Dalilin haka ne za ka tarar da kowace irin ƙabila ta Nijeriya a cikinsa, kuma Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha. Tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe suna nan da jan kwanonsu, suna tuna wa mai wucewa zamanin da kukan jirgi ke ta da mutanen gari daga barci.

Daga Kafanchan muka kama hanyar Kwoi, ba mu yi wata doguwar tafiya ba sai ga mu a Fadan Kagoma. Mutanen ƙasar suna kiran kansu Gwong, Hausawa ne suka sa musu Kagoma, sarkinsu kuma ana ce masa Kpop Gwong. Gari ne mai natsuwa, mai majami'u da makarantu da inuwar mangwaro. Da yake lokacin haƙar citta ne, ko'ina ka duba mata da yara ne zaune suna tsaga ta da wuƙa, an baza ta a kan duwatsu da tsakar gida tana shan rana, ƙamshinta mai yaji ya cika iska har yana sa baƙo atishawa. Wani dattijo da ya ba mu wurin zama ya ba ni labarin annobar da ta faɗa wa citta cikin daminar 2023, wadda ta ruɓar da gonaki a kudancin Kaduna, ta bar magidanta da bashi. Wannan magana tana da alaƙa da abin da zai biyo baya, domin a ƙasar nan citta ita ce asusun talaka. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake biyan kuɗin asibiti.

Ba a ambaton Fadan Kagoma a bar sunan marigayi Patrick Ibrahim Yakowa. A nan aka haife shi ran 1 ga watan Disamba 1948. Ya zama Gwamnan Jihar Kaduna cikin watan Mayu 2010, bayan da aka ɗauki Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, shi ne kuma mutumin kudancin jihar na farko da ya hau wannan kujera. Ya rasu ran 15 ga Disamba 2012 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa, aka kawo shi gida aka binne. Babban asibitin Kafanchan sunansa aka sa masa, kuma cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da shi cibiyar lafiya ta tarayya. Nan ne mutanen wannan yanki suke dosa in ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye.

ABIN DA IDONA YA GANI

Da la'asar muka shiga wani ƙauye da ke can gefen gari domin ganin gonaki. A kan hanyar dawowa direbanmu ya tsaya a wani ƙaramin asibiti ya nemi maganin mura. Ina tsaye a baranda sai ga wata mata ta sauko daga bayan babur, goye da yaro wanda bai kai shekara guda ba. Ko da ta kwance goyon, ni da ban san aikin likita ba na ga abin ba na wasa ba ne. Yaron yana numfashi sama-sama kamar ɗan tsako, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ya kasa ko kama nono.

Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin, mace mai kimanin shekara arba'in da kowa ke kira Sista, ta zaro wata 'yar na'ura daga aljihunta ta maƙala wa yaron a babban yatsan ƙafa. Lamba ta fito, 84. Ta dubi uwar ta ce, "Maman yaro, ba zama za ki yi ba, Kafanchan za ku tafi yanzu-yanzu."

A kusurwar ɗakin akwai wata na'ura mai kamar ƙaramin firji, an lulluɓe ta da zane. Na tambaya, ta ce mini na'urar tace iska ce, wasu masu taimako suka kawo ta kyauta, an ɗauki hoto an yi tafi. Ta yi aiki na ɗan lokaci. Amma wuta ba ta zama, janareta yana bukatar man da babu mai saye, daga baya kuma na'urar ta fara ƙara tana nuna jar fitila, ba a kuwa bar musu lambar wani mai gyara ba. Ma'aunin da ke aljihunta ma da kuɗinta ta saya. Watau tana iya gane yaron da ke bakin mutuwa, amma ba ta da abin da za ta ba shi.

Magariba ta kawo jiki, sanyi ya fara sauka, kuma ɗora wannan yaro a kan babur cikin ƙura kamar ƙara wa wuta mai ne. Direbanmu bai jira na yi magana ba, ya ce, "Mama, shigo mota." Sista ta yi masa allurar farko, ta rubuta takarda, muka kama hanya. Ban taɓa jin tafiya ta yi mini tsawo kamar wannan ba. Uwar tana addu'a da harshenta, direba yana salati a hankali, ni kuma kunnena yana kan numfashin yaron, in ya ɗan yi shiru sai gabana ya faɗi. Allah ya taimaka muka isa, aka sa masa siririn bututu a hanci. Da na koma dubiya kashegari da yamma na tarar yana shan nono.

Wannan yaro ya yi sa'ar mota. Tambayar da ta hana ni barci a masauki ita ce, yara nawa ne ba su yi wannan sa'a ba?

MECE CE WANNAN ISKA?

Bari mu ɗan yi wa mai karatu bayani. Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kusan kashi 78 kuwa wata iska ce da ake kira naitirojin wadda jiki ba ya amfani da ita wajen numfashi. Huhu mai lafiya yana tsamo abin da yake bukata daga wannan kashi 21 ya zuba cikin jini, jini ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. To, idan ciwon huhu ya kama mutum, watau namoniya ko sanyin haƙarƙari, sai ƙananan jakunkunan da ke cikin huhu su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa hanyar shiga jini. Maganin kashe ƙwayar cuta yana bukatar kwana biyu ko uku kafin ya ci ƙarfin ciwon. Oksijin ita ce ke riƙe ran majiyyaci har maganin ya gama aikinsa.

Ba masu ciwon huhu kaɗai ke bukatarta ba. Jaririn da aka haifa bakwaini, da wanda ya fito bai yi kuka ba, da mai naƙudar da ta zubar da jini, da mai asma, da mai sikila, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da wanda ya yi haɗari a hanya, da duk wanda za a yi wa fiɗa, kowannensu yana iya wayar gari ransa yana rataye da ita.

'Yar na'urar nan da Sista ta maƙala wa yaron, wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ya ƙago hikimarta cikin shekarun 1970. Tana haska haske ta cikin yatsa ta auna yadda jini ya ƙoshi da oksijin. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ya faɗi ƙasa da 90 a sa masa oksijin. Amfaninta shi ne, ido yana yaudara, musamman ga mu masu baƙar fata da ba a saurin ganin leɓenmu ya sake launi.

TUKUNYA, NA'URA DA MASANA'ANTA

Hanya uku ake samun wannan iska a asibiti. Ta farko ita ce tukunyar ƙarfe, wadda ma'aikata ke kira silinda. Ba ta bukatar lantarki, amma nauyi gare ta, sai ƙarti biyu sun kama, kuma ƙarewa take yi. Babbar tukunya tana ɗaukar lita wajen 6,800. Jaririn da ake ba lita ɗaya a minti zai yi kwana huɗu da wani abu a kanta, amma babban mutum mai shan lita biyar a minti ba za ta kai masa kwana ɗaya cur ba. In ta ƙare sai an ɗauke ta a mota zuwa birni a cika a dawo da ita, kuɗin mota da na cikawa kuma a kan majiyyaci yake faɗawa. Daɗin daɗawa tana son kulawa, domin in mai ko maiƙo ya taɓa bakinta, ko aka kusanto da wuta, gobara ce.

Ta biyu ita ce na'urar tace iska, irin wadda na gani a lulluɓe. Ita tana zuƙar iskar ɗaki ne ta tura ta cikin wani gari mai kamar yashi da ake kira ziyolait, wanda ke kama naitirojin ya bar oksijin ta wuce, tsarkinta ya haura kashi 90 cikin ɗari. Mai ba da lita biyar a minti, in an sa mata marabar bututu, tana iya ɗaukar ƙananan yara uku ko huɗu a lokaci guda. Ba ta ƙarewa muddin akwai wuta. Amma fa abokan gabanta uku ne, kuma duk muna da su a wadace: ɗaukewar wuta da hawa da saukarta, ƙurar hunturu da ke toshe matatarta, da laimar damina da ke kashe garin nan na cikinta. Ƙasar Kagoma tana da ruwan sama mai yawa, ga hazo rabin rani. Na'urar da ba a wanke soson matatarta duk mako, ba a kuma duba ta lokaci-lokaci, tana iya ci gaba da hura iska alhali iskar banza ce kawai take fitarwa, ma'aikaci bai sani ba.

Ta uku ita ce masana'anta, watau babban inji da ake kafawa a babban asibiti yana tace iska da yawa, a ja bututu zuwa gadaje, a kuma cika tukwane a rarraba wa ƙananan asibitocin kewaye. Ita ce uwa, sauran 'ya'ya ne.

GIRMAN MATSALAR

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙauye ɗaya ce. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa cikin 2018 ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekara. Cikin watan Fabrairu 2025 kuma wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet Global Health ta kafa ya ba da rahoto cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, cikin mutum goma da ke bukatar oksijin, da ƙyar mutum ɗaya yake samu.

An kuma gwada an ga abin yana da magani. A ƙasar Papuwa Niyu Gini, wadda ita ma ƙasar duwatsu da ƙauyuka ce, an sa na'urorin tace iska da ma'aunin yatsa a asibitocin karkara, aka horar da ma'aikata da masu gyara. Sakamakon da aka buga cikin 2008 ya nuna mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin ɗari. A nan gida ma an yi irin wannan aiki a asibitoci 12 na kudu maso yammacin Nijeriya tare da likitocin Ibadan, aka ga cewa koya wa ma'aikatan jinya auna kowane yaro da ma'aunin yatsa, shi kaɗai ma yana sa iskar ta kai ga wanda ya fi bukatarta.

A takarda ba a bar mu a baya ba. Cikin 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan oksijin. Da annobar korona ta zo cikin 2020 ta tona asirin kowa, har manyan asibitocin Legas da Abuja suka shiga neman tukwane ido rufe, sai cikin Janairu 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kashe Naira biliyan 6.45 domin kafa masana'antun oksijin 38 a faɗin ƙasa. Cikin Mayu 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta ɗauki oksijin a matsayin magani na dole. Ita ma Jihar Kaduna ta yi shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunta 255, an sa wa waɗansu wutar sola, kuma cikin 2022 aka fara aika jini da alluran rigakafi da ƙananan jirage marasa matuƙi. Sai dai irin wannan jirgi ba ya ɗaukar tukunyar ƙarfe. Iska sai ta bi ƙasa, ko kuwa a tace ta nan inda majiyyaci yake kwance.

INA MAFITA?

Abin da na fahimta a wannan tafiya shi ne, kawo na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai kyauta yakan so abin da za a ɗauka a hoto. Amma batir, da farantin sola, da soson matata, da bututun hanci na jarirai, da albashin mai gyara, da man babur ɗin da zai kai shi ƙauye, waɗannan ba su da kyan hoto, alhali kuwa su ne ran na'urar.

Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi da su duba abubuwa kaɗan. Kowane ɗakin shan magani da ake karɓar haihuwa a samar masa da ma'aunin yatsa mai inganci, har da irin na jarirai. Duk inda za a ajiye na'urar tace iska, a haɗa ta da sola da batir da zai kai ta asuba, a kuma ajiye ƙaramar tukunya ta ko-ta-kwana, wadda za a iya sa wa majiyyaci a mota in za a wuce da shi gaba. A ɗauki samarin yankin da suka karanta aikin lantarki a koya musu gyaran waɗannan na'urori, a ba kowane ɗaya asibitocin da zai riƙa zagayawa. Ga Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma a Kafanchan, a tabbata duk ɗalibin da zai fita ya iya auna iska da ba da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A bar wani abu daga rabon kowane asibiti domin gyara da kayan canji.

Su ma ƙungiyoyin ci gaban gari, da majami'u da masallatai, da 'yan ƙasa mazauna Kaduna da Abuja da ke dawowa gida hutun ƙarshen shekara, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a sayo sabuwar na'ura, a fara ɗaga zanen da aka rufe tsohuwar a tambayi abin da ya kashe ta.

Iyaye kuma akwai nasu. Rigakafi ya fi magani: tun 2014 aka fara shigar da allurar ciwon huhu cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma kyauta ake yi. A nisanta jarirai daga hayaƙin murhu. In yaro yana tari, a buɗe ƙirjinsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin ya yi sauri, a kai shi asibiti. In kuwa haƙarƙari yana lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko ya yi laushi, to ba a fafe gora ranar tafiya, kada a jira gari ya waye.

Ran da za mu komo na sake bi ta ƙaramin asibitin domin in gaya wa Sista cewa yaron ya tashi. Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, sa'an nan ta koma kan layin matan da ke jiran awo. Na'urar tana nan a kusurwarta cikin zane. A waje iskar hunturu tana kaɗawa daga kan duwatsu, ɗauke da ƙamshin citta, ta ishi kowa da kowa in ban da wanda ya fi bukatarta. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.